Yadda ake wanke injin tace zuma da kula da shi

Jama'a masu kiwon ƙudan zuma, musamman waɗanda suka koma akwatin zamani mai firam (katakon nan mai kusurwa huɗu da ƙuda ke gina saƙa a cikinsa), maganar injin tace zuma nake so mu yi, wato durom ɗin nan da ake jera firam a cikinsa a juya hannu ko a kunna wuta, zuma ta fice daga saƙa ta bi bango ta taru a ƙasa. Juya shi ba wani abu bane, yaro ma in ka nuna masa sau ɗaya ya iya. Wanki da ajiya ne matsalar, kuma gaskiya abun yana damuna sosai saboda inji ne mai tsada, wani wajen ma ƙungiya ce take haɗa kuɗi ta sayi guda ɗaya ana zagayawa da shi gida-gida, sai ka ga ba a je ko'ina ba ya fara ƙara, famfon ƙasa yana yoyo, cikinsa ya yi dabbare-dabbare, alhali in da an kula da shi har ɗanka sai ya gada.

Tun shekarar 1865 wani hafsan sojan Ostiriya mai suna Franz Hruschka ya fito da wannan dabara, bayan wani mai kiwon ƙudan zuma mai suna Langstroth ya yi rajistar akwatinsa mai firam a Amurka a 1852, kuma har yau tsarin bai canza ba sosai, durom ne da kwando a ciki da sanda a tsakiya. Masu amya ta gargajiya da masu akwatin Kenya mai sanduna a sama yawanci matsewa suke yi don saƙarsu ba ta da firam da waya da za su riƙe ta in ana juyi, amma su ma su karanta, abin da zan faɗa kan ruwa da sabulu da bushewa ya shafi injin matsa da bokitai da rariyarsu.

Kafin ka taɓa ruwa ka san da wane ƙarfe aka yi injinka. Mai kyau shi ne ƙarfe mara tsatsa, wanda zaka ga an rubuta 304 a jikinsa ko a takardarsa. Akwai na roba, akwai mai kwandon alminiyom, akwai kuma tsofaffi da wasu na ƙirar gida da ake yi da farin kwano irin na rufi. Shi wannan na ƙarshen a yi hattara da shi, zuma duk zaƙinta tana da ɗan tsami a cikinta, in ta kwana a jikin irin wannan kwanon tana cin rufin jikinsa, ta yi duhu ta canza ɗanɗano. In shi gare ka toh kar ka taɓa barin zuma ta kwana a ciki, kana gamawa ka juye. Durom kuwa da ya taɓa ɗaukar mai ko kemikal, ko mai walda ya rantse maka ya wanku, bai dace da abin da mutane za su ci ba.

Aikin yana farawa ne ranar da ka gama tacewa, ba washegari ba, ba kuma sai an dawo daga kasuwa an huta ba. Zumar da ta rage in ta kwana biyu sai ta ƙanƙame, kiyashi su cika ta, in damina ta kusa ma ta ja laima ta fara tsami. Ka karkata injin ta ɓangaren famfo, ka sa ɗan katako ƙarƙashin ƙafar baya, ka ajiye bokiti mai rariya a ƙasa ka bar shi ya tsiyaye na wasu awanni. Bayan nan ka ɗauki abin kankara na roba mai laushi ka bi bangon daga sama zuwa ƙasa kana turo ta wajen famfo, zaka sha mamakin zumar da zaka samu wadda da ruwa ne zai tafi da ita. Duk wannan a cikin ɗaki rufaffe ake yi, tagogi a rufe ko masu raga, don ƙudanmu na nan hancinsu ba wasa.

Nan ne wasu suke cewa ai sai a fitar da shi waje ƙuda su lashe su huta da wanki. Dan Allah kar ka yi. Ƙudan zumar yankinmu masu zafi ne, da zarar sun ji banza ta faɗi sai unguwa ta cika, su harbi yara su harbi awaki, kuma in abin ya ƙare ba sa komawa gida hakanan, sai su faɗa wa akwati mai rauni su wawashe shi. Da yawa kuma a cikin ɗankon zumar suke maƙalewa su mutu. Ga maganar cuta, ƙudan kowa da kowa ne za su haɗu a durom ɗaya, naka da na maƙwabci da na kogon bishiya. Akwai cutar da ke ruɓar da 'ya'yan ƙuda a cikin saƙa wadda ƙwayoyinta ke yin shekaru gommai a jikin kayan aiki ba su mutu ba, ta ɓulla a Afirka ta Kudu a 2009 ta yi wa masu kiwo ɓarna, kuma ta zuma da kayan aikin da ake aro take yawo.

Yanzu sai kwancewa. In na wuta ne ka zare filogi daga soket tukun, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Ka ɗauki wayarka ka ɗauki hoton saman injin da yadda notuna da wasa (ɗan faifan ƙarfen nan da ake sawa ƙarƙashin noti) suke jere, zai taimake ka lokacin mayarwa. Ka cire murafen, ka sa sifana ka kwance notunan da suka riƙe ƙarfen da ya gitta sama, ka ɗaga shi tare da giya da hannun juyawa ko moton, ka ajiye gefe inda ruwa ba zai kai ba. Sannan ka ɗago kwandon a hankali a miƙe.

Tsaya nan ka duba da kyau. A ƙasan durom akwai ɗan gurbi inda sandar tsakiya take zama, kuma a injuna da yawa akwai ƙwayar boris guda ɗaya tak a cikin gurbin, 'yar ƙarama, a kanta duk nauyin kwando da firam yake juyawa. Wani lokaci tana manne wa gindin sandar saboda giris ta biyo ta sama ta faɗi ba ka ji ba, wani lokaci tana zaune a gurbin sai ka kifa durom ta bi ruwan wanki ta shige kwata. Mutum sai ya mayar da inji ya ji yana gurza yana nauyi ya rasa dalili, ashe 'yar ƙwayar nan ce babu, kuma in aka ci gaba da juyawa a haka sandar ce za ta cinye gurbin. Ka ciro ta da yatsa ko da maganaɗisu, ka goge, ka jefa a kofi tare da notuna da wasa, ka rufe kofin.

Toh ga inda na fi so a saurare ni. Ruwan farko na SANYI ne. Mun saba in kwano ya yi maiƙon miya sai a nemi ruwan zafi, shi yasa hannu yake saurin zuwa wajen tukunya, amma kaki ba haka yake ba. Kakin zuma yana narkewa ne a wajen digiri 62 zuwa 64, in ka kwara masa tafasasshen ruwa gutsattsarin da ke yawo a ciki za su narke su bazu, ruwan yana hucewa su daskare su yi shimfiɗa siririya a duk bangon da wayoyin kwando da cikin famfo, wadda sabulu ba ya fitar da ita, sai ka yi ta gurza, kuma ƙura da datti a kanta suke zama. Ita kuwa zuma ba ta buƙatar zafi, ruwan randa ma narkar da ita yake yi. Don haka ka rufe famfo, ka zuba ruwan sanyi ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku na durom, ka watsa wa bango da kofi ko tiyo, ka mayar da kwandon ciki ya jiƙa, ka ba shi kamar awa ɗaya. Kakin zai taso sama ɓaro-ɓaro, ka kwashe da rariya ka tara, kuɗi ne, masu man shafawa da masu gyaran fata suna saye.

Wannan ruwan farko mai zaƙi ne, kar ka sheƙa shi a tsakar gida ko bakin ƙofa, ƙuda da tururuwa za su zo. Ka haƙa ɗan rami ka zuba ka rufe da ƙasa, ko ka bari sai bayan magariba. Ka sake ruwa na biyu, shi ma na sanyi, har sai ka shafa bango ka ji ba ya kama hannu.

Abin da zai rage shi ne kakin da ya manne da kuma danƙon nan mai ruwan ƙasa da ƙuda ke toshe ƙofofi da shi, wanda yake biyo kunnuwan firam ya shafe kwando. Shi danƙon in ya ji zafi sai ya yi laushi ya yi ta jan zare, in ya ji sanyi sai ya yi tauri ya ɓalle, shi yasa kankarar sa ta fi sauƙi da sassafe kafin rana ta ɗaga. Tsohon katin ATM yana aikin nan sosai, yana shiga lungu kuma ba ya karce ƙarfe. Wuƙa da cokali a bar su a kicin.

In danƙon ya ƙi fita akwai soda ash, wanda mata masu haɗa sabulun ruwa suke saye wajen masu kemikal. Masu kiwo a Ingila suna jiƙa kilo 1 na sodar wanki mai ƙanƙara-ƙanƙara a lita 5 na ruwa, amma garin da ake sayarwa a kasuwanninmu ya fi wancan ƙarfi don babu ruwa a jikinsa, gram 350 zuwa 400 a lita 5 ya isa. Ka sa safar hannu ta roba, ka kiyaye idonka, ka shafa a wurin ka ba shi 'yan mintuna sannan ka goge. Ka tabbatar soda ash aka ba ka ba kostik soda ba, shi wancan ƙona fata yake yi. Kuma in kwandonka na alminiyom ne kar ka kusantar da ko ɗaya daga cikinsu, baƙi zai yi ya fara cinyewa.

Sai kaki da danƙo sun fita tas sannan ruwan ɗumi ya shigo, ɗumin da hannu zai iya zama a ciki, da ɗan sabulun wanke-wanke mara ƙamshi. Maganar ƙamshi ba ƙaramar magana bace, zuma tana ɗaukar wari da sauri, in ka yi wanki da omo mai turare ko sabulun wanka, tacewa ta gaba mai saye zai buɗe kwalba ya ji, kuma daga nan sai a fara cewa zumarka haɗi ce alhali ba ka zuba komai ba. Soso mai laushi ko tsumma mai tsafta zaka sa. Sosan ƙarfe kar ya shiga, haka toka da yashi da ake dirje tukunya da su. Ƙarfe mara tsatsa wata fata ce siririya a samansa take kare shi, sosan ƙarfe yana karce ta kuma yana barin burbushinsa a cikin karcen, burbushin nan shi yake fara tsatsa, sai mutum ya ce an sayar masa da jabu.

Ruwan bilic irin su Hypo da Jik ma ba abokin wannan ƙarfen bane, in ya daɗe a kai yana yin ƙananan ramuka kamar bakin allura musamman wajen ɗinkin walda. Haka ruwan rijiya mai zartsi. In irinsa ne a unguwarku ka yi wankin da shi ba laifi, amma ɗaurayar ƙarshe ka nemi ruwa mai daɗi.

Famfon ƙasa shi ne wurin da aka fi mantawa, kuma duk zumarka ta nan take wucewa. Ka kwance notin mai kunnuwa, ka buɗe marfin, zaka ga zoben roba a cikin wani ɗan layi. Ka ciro shi a hankali da tsinken sakace, ka duba bayansa, yawanci nan zaka tarar da baƙin abu mai warin tsami, tsohuwar zuma ce ta bara da ta ruɓe. Ka sa sabon buroshin haƙori da ka ware don wannan aikin ka bi layin da zaren noti da cikin bututun. Zoben kuma ka ɗan ja shi ka gani, in ya tsattsage ko ya baje ya daina komawa daidai ka canza, masu kayan famfo suna da irinsa, ka tafi da tsohon don a gwada girma. Kwandon ma ka bi mahaɗar wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya da buroshin.

Ka ɗauraye sau biyu ko uku har santsin sabulu ya tafi. Yanzu ne ruwan zafi yake da amfani, tunda babu sauran kaki, ka kwara shi a ɗaurayar ƙarshe, ƙarfen zai ɗau zafi ya bushe da wuri.

Bushewar nan ita ce rabin aikin gaba ɗaya. Zuma tana jan ruwa daga duk abin da ta taɓa har daga iska, ƙa'idar abinci ta duniya ta ce ruwan da ke cikinta kar ya wuce kashi 20 cikin 100, masu son ta daɗe ma ƙasa da 18 suke nema, in ya haura sai ta fara kumfa ta yi tsami ta kumbura jarka. Ɗan ruwan da ya kwanta a gindin durom ko cikin famfo ya isa ya ɓata bokitin farko. Kuma ruwan da ya kwana a lungu shi ne yake kawo tsatsa da fumfuna. Ka goge ko'ina da busasshen tsumma wanda ba ya zubar da zare, ka nannaɗe wani a yatsa ka tura cikin gurbin boris, ka bi ɗinkin da ya haɗa bango da gindi, sannan ka kifa durom a kan katako biyu yadda iska za ta shiga ta ƙasa, famfo a buɗe. Rana tana taimakawa, amma in ana iskar hunturu mai ƙura gara ka shanya a ɗaki, in ba haka ba sai ka sake wanki. Na roba kuma kar ya daɗe a rana, yana sa shi gautsi. Ka ba shi yini guda cur ko ya kwana, kar ka yi gaggawar rufewa don ido ya ga kamar ya bushe.

Giris. Gurbin ƙasa yana cikin inda zuma take taruwa ne, duk abin da ka shafa a nan ka ɗauka cewa wani zai lasa. Baƙin giris na bakanike da baƙin mai na mota sam ba su da wuri a nan. Man gyaɗa da manja su ma ba su yi ba, suna yin ɗoyi su daskare su riƙe sandar. Akwai giris da aka yi don injunan abinci, zaka ga an rubuta H1 a jikin robar, shi ake nema, wajen masu kayan injin burodi ko masu sayar da kayan kiwon zuma. In bai samu ba farin basilin mara turare zai riƙe ka kafin ka samo. Kaɗan ake sawa, kamar ƙwayar wake, a gurbin da kan boris ɗin. Giyar sama ita ma a goge tsohon giris da ƙurar da ya kama a shafa sabo siriri, in ya yi yawa zafi zai narkar da shi ya biyo sanda ya ɗiga ciki. Kuma lokacin tacewa ka bar famfo a buɗe zuma tana fita, kar ta taru har ta haye gurbin ta taɓa gindin kwando, tana wanke giris ɗin kuma tana wahalar da giya.

Ka mayar da komai kana duba hoton da ka ɗauka, boris farko, sai kwando, sai ƙarfen sama. Notunan ka ɗaure su bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, don sandar ta tsaya a tsakiya. Ka juya shi ba komai a ciki ka kasa kunne. Lafiyayyen inji shuuu kawai zaka ji kuma in ka saki hannu zai ci gaba da juyawa na ɗan lokaci. In kana jin ƙwas-ƙwas a kowane zagaye toh kwando yana taɓa bango, ko ya lanƙwashe ko sandar ta karkace. In gurza kake ji daga ƙasa koma ka duba boris. Notunan ƙafafu ma ka bi su, girgiza tana kwance su a hankali, kuma yawan girgizar daga jera firam ba daidai ba take zuwa, mai nauyi ya kamata ya fuskanci mai nauyi, a fara juyi a hankali kafin a ƙara gudu. In ka ɗaure ƙafafun a kan faffaɗan katako da noti zaka ga bambanci.

Na wuta, moton da akwatin makunni tsumma mai ɗan danshi kawai suke so, ruwa kar ya taɓa su. Ka hure ƙurar da ke ramukan shan iska, ka duba bel in yana da shi ko ya saki ko ya fara tsagewa, ka bi wayar da hannu ko ɓera ya taɓa. Da yadda wutarmu take hawa da sauka, da janareta, sitabilaiza ta fi arha a kan sabon moto.

Wajen ajiya ka ɗora shi a kan katako kar ya zauna a siminti, ka rufe da tsohon zani mai tsafta ka ɗaure. Leda tana tare ƙura amma da damina tana tara gumi a ciki, in zaka sa ta sai ka tabbatar ya bushe ƙayau kuma ka riƙa buɗewa lokaci-lokaci. Famfo kar ka ɗaure shi tamau, ka bar shi sako-sako don zoben ya huta, ka ɗaura ɗan ƙyalle a bakin saboda kyankyaso da zanzaro. Ɗakin da ake ajiye taki da maganin feshi da fetur ba wurinsa bane. Kuma a gaya wa mutanen gida da kyau cewa ba mazubin hatsi bane ba kuma na tara ruwa ba.

In ka tarar da ɗigon tsatsa kar hankalinka ya tashi, yawanci a sama take. Ka kwaɓa bekin soda da ɗan ruwa ko ka matsa lemun tsami a wurin, ka goga da tsumma kana bin layin ƙarfen, ka ɗauraye ka busar nan take. In ta huda, mai waldar da ya san aikin ƙarfe mara tsatsa zaka nema, kar a like maka da dalma don guba ce, kar kuma a shafa fentin mota a ciki.

Injin ƙungiya kuwa sai an yi yarjejeniya tun farko, duk wanda ya ɗauka ya dawo da shi a wanke a bushe, kuma mai karɓa ya buɗe a gabansa ya duba boris da zoben famfo da notuna kafin ya sa hannu a littafi. Wanda ya ga 'ya'yan ƙudansa suna mutuwa a saƙa ko akwati yana wari ya faɗa wa 'yan uwa, ya zama shi ne na ƙarshe a layi, a kuma wanke da soda bayansa. In lokacin ɗiban zuma ya zagayo ka fito da injin kwana biyu kafin ranar aiki, ka ɗauraye ƙurar ajiya da ruwan ɗumi, ka rufe famfo ka zuba ruwa kaɗan ka ga ko yana yoyo, sannan ka busar da shi kamar yadda ka yi a baya kafin firam na farko ya shiga.